Fankar da na kusa jefarwa

Jiya fankata ta ƙone. Har na ɗauke ta zan kai bola, sai ƙarambani ya sa na kwance injin. Ga wayar jan ƙarfe a naɗe, siririya kamar gashi, gefe ɗaya ya yi baƙi, sauran kuwa sai sheƙi yake kamar yau aka saka shi. Na daɗe ina jujjuya ta a hannu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a yawancin manyan wuraren haƙar jan ƙarfe na duniya yanzu, sai an fasa dutse tan guda kafin a samu jan ƙarfen da bai kai kilo 10 ba. Shi kuwa wannan na hannuna, ko sau nawa aka narka shi, ingancinsa na nan. Alminiyam ma haka, sake narka tsohonsa kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin yin sabo yake ci.

Amma mu fa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an samar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a duniya, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ni kaina, in faɗi gaskiya, matattun wayoyi uku ne kwance a durowata, da caja barkatai.

Na zuba su duka a kwali tare da injin fankar, ina jiran 'yan gwangwan su biyo.