Kirsimeti a Marwa

Yau bayan sujadar Kirsimeti muna fitowa coci sai wata mama daga garin Yaguwa a nan arewacin Kamaru, wadda ambaliyar 2024 ta rushe mata gida har yanzu a ɗakin ƙanwarta take kwana, ta riƙo hannuna ta cusa min ƙullin gyaɗa soyayya wai in kai ma yara. Nace haba mama ai mu ya kamata mu baki, tace "ƴata karɓi, Yesu ma ba a gidansu aka haife shi ba, kuma ga ni da rai."

Gaskiya sai da hawaye ya zubo min, dama na shigo da nauyin zuciya saboda tsadar shinkafa da kuɗin makaranta na Janairu. Na gode ma Ubangiji da ya haɗa ni da ita yau, gobe zan je in gaishe ta.