Kular abinci zuwa asibiti: aikin iyayenmu mata a titunan Legas

Duk wanda ya tashi a gidan da uwa take cikin Zumuntar Mata ta ikkilisiya, a Kafanchan ne ko Pankshin ko Mubi, ya san abin da ke biyo bayan sanarwar cewa an kwantar da wani a asibiti. Ba a kiran taro. Uwa ta jiƙa gero, ta dama kunu, ta ɗora wa yaro kwano a ka, a taka zuwa bakin gadon kafin kunun ya huce. Yawancinmu ta nan muka san Matiyu sura 25, inda Yesu ya ce ciyar da mayunwaci da duba marar lafiya shi aka yi wa, tun kafin mu iya karanta ta da kanmu.

A Legas niyyar tana nan, tazara ce ta canza. Mai dafawa tana Agege, majinyaci yana asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba ko asibitin ƙashi na Igbobi, a tsakaninsu kuma ga Oshodi da cunkosonta. Majinyacin ma galibi ba shi da dangi a gari: maigadi ne, ko ɗan acaɓa, ko mai dako a kasuwar Mile 12, wanda abokin ɗakinsa ne kaɗai ke jinyarsa. Idan aka yi aikin yadda ake yi a gida, ba tsari, abinci zai isa a lalace, ko a kai wa wanda likita ya hana ci.

Don haka kafin a ɗora tukunya sai mutum ɗaya ya je hannu rabbana. Aikinsa tambaya. Ya gaida nas mai kula da ɗakin, ya faɗi daga wace ikkilisiya yake, ya ji lokacin ziyara da ko ana barin abincin waje. Sannan ya rubuta game da kowane majinyaci: an bar shi ya ci? Yana da ciwon suga, hawan jini ko ciwon ƙoda? Yaushe za a shiga da shi tiyata? Wanda za a yi wa aiki ana hana shi abinci na kimanin awa 6 kafin a sa masa maganin barci, domin abin da ke ciki na iya dawowa ya shiga huhu. Kofin kunu ɗaya da aka ba shi don tausayi ya isa a ɗage aikin da ya yi makonni yana jira. Bayan aikin ciki ma ba a ba da ko ruwa sai likita ya ce. Majinyaci zai roƙa, mai jinya zai ce ɗan kaɗan ba komai. Amsar ita ce, "Bari mu tambayi nas."

Abincin da ya fi karɓuwa kunun gyaɗa ne, da farfesun kifi ko na kaza marar yaji sosai, da faten dankali ko na acca. Masu jinya kuwa shinkafa da miya. Ana yawan mantawa da su, alhali su ne ke kwana a benci, su ne ke sintiri tsakanin ɗakin magani da ɗakin gwaji, kuma kuɗin abincinsu ne ke fara tafiya wajen sayen allura.

A nan ba a awo da mudu, da derika ake yi, wato gwangwanin tumatir babba, sai robar fenti mai cin derika kimanin 5. Derika ɗaya ta shinkafa tana ciyar da manya 5, saboda haka masu jinya 20 suna bukatar derika 4. Kunun gyaɗa na kofi 20 kuwa: gyaɗa derika 2, shinkafar tuwo derika 1, ruwa lita 6 zuwa 7, da tsamiya cikin hannu guda. A ɗan soya gyaɗar sama-sama don ɓawon ya saki, a murje, a tsince duk wadda ta yi baƙi ko take ɗaci, a niƙa, a tace da kyalle mai tsabta. A jiƙa shinkafar tun dare, a niƙa ta dabam. Ruwan gyaɗar ake fara tafasawa, ana tsaye a kansa domin yana kumfa ya zube kamar madara. In ya tafasa sosai sai a zuba ƙullun shinkafa a hankali ana juyawa. Ruwan tsamiya shi ne na ƙarshe, bayan an sauke. In aka zuba shi tukunya tana tafasa, kunun zai tsinke, ruwa gefe, gari gefe, ba wanda zai so ganinsa balle marar lafiya.

Ba a sa suga a tukunya. A ƙulla shi dabam, kowa a sa masa a kofinsa. Kuma rashin suga bai mai da kunu abincin mai ciwon suga ba, shinkafa da gero duk sitaci ne. Har acca da mutanenmu na Filato suke yabo, sai an auna ta. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a rage su zuwa rabin abin da ake sawa a gida, tunda da wuya a shiga ɗakin manya a rasa mai hawan jini. Mai ciwon ƙoda kada a kai masa ayaba ko lemo sai da izini, ko da yake su ne tsarabar da hannu ya fi saurin kaiwa gare ta a bakin ƙofar asibiti.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki a Legas lokaci ne. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi ba, kuma shinkafa ta fi kowanne saurin juyawa, ko da ba ta yi wari ba. Jikin da ciwo ya ci ba ya ɗaukar gudawa. Dabarar ita ce a ɗauraye kula da fulas da tafasasshen ruwa, a bar shi ciki minti 5, a zubar, a zuba abincin kai tsaye daga wuta, a cika har baki, a rufe, kada a sake buɗewa sai a gaban mai ci. Kular da aka cika rabi tana hucewa da wuri. Miya dabam, shinkafa dabam. A lissafa dahuwar daga baya: in ziyara ƙarfe 4 ce, hanya kuma na iya cin awa 2, to ƙarfe 2 ake saukewa, ba da safe kafin a tafi sujada ba. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne a raba asibitocin bisa unguwa. Matan Mushin da Surulere su ɗauki Idi-Araba, na Agege da Ogba su ɗauki asibitin koyarwa na jiha (LASUTH) a Ikeja. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere a watan Yunin 2022, ba a dogara da cewa babur zai ratsa cunkoso da kula. Farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci ita ma an haramta ta tun Janairun 2024. A sayi kwanukan roba masu murfi, a rubuta sunan zumunta a gindi, a riƙa karɓowa.

A ɗakin asibiti gadon da ke kusa da na ɗan'uwa sau da yawa na Musulmi ne, mai jin Hausa kamar mu, shi ma ba kowa. Iyayenmu ba su taɓa wuce irin wannan gado ba. Shi ya sa naman da za a dafa a saye shi inda ba shakka game da yanka, kamar mayankar Oko-Oba a Agege, kaza kuma a ba Musulmi ya yanka a kasuwa. Tukunyar da aka taɓa dafa alade a cikinta ba ta wannan aiki ba ce. A faɗa wa mutum tun bai tambaya ba: "Malam, yankan Musulmi ne, bismilla." Da azumi a zuba rabon masu jinya a kular da za ta riƙe zafi har magariba.

Game da addu'a, a nemi izini, a yi ta a taƙaice da murya ƙasa-ƙasa, a bakin gadon wanda ya yarda kawai. Ɗakin majinyata ba filin wa'azi ba ne, akwai wanda bai runtsa ba daren jiya. Mutum 2 sun isa shiga, ba ayarin mata 12 cikin anko da ganga ba. A wanke hannu kafin shiga da bayan fita, kada a zauna a kan gado, mai mura ta yi zamanta a gida. "Sannu da jiki, Baba," "Mama, sannu da jinya, ya mai jiki?" sun wadatar, ba sai an tono sunan ciwon ba. Hoto kuwa, a ganinmu babu dalilinsa sam. Mutum yana kwance da robar fitsari, a ɗauke shi a watsa a WhatsApp don a nuna zumunta tana aiki, wannan ya yi hannun riga da gargaɗin Matiyu sura 6 game da yin sadaka don idon mutane.

Wani taimakon ya fi kunu: tafinta. Yaron da ya zo daga ƙauye bara ba ya jin Turanci ko Yarbanci, likita zai yi bayani ya gyaɗa kai don kunya. A tura wanda zai tsaya lokacin zagayen likitoci da safe, ya fassara abin da aka faɗa daidai, ba ƙari ba ragi, ya kuma rubuta masa lokutan shan magani da Hausa. Jini ma haka. Yana da kyau Zumuntar Matasa ta ajiye sunayen masu son bayarwa da rukunin jininsu, 'yan shekara 18 zuwa sama masu nauyin kilo 50 ko fiye, da ranar da kowa ya bayar na ƙarshe, tunda namiji yana bukatar hutun wata 3.

Kuɗi ne ke raba kan zumunta. Ikkilisiyar farko ma ta ɗanɗana: a Ayyukan Manzanni sura 6 masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum, har aka zaɓi mutum 7, ciki da Istifanas, su riƙe aikin. A majami'ar da ta haɗa Bajju da Ngas da Margi da Tangale, irin wannan ƙorafi ba ya da nisa. Littafi guda, ma'aji da magatakarda su sa hannu tare, a rubuta wanda aka ziyarta da ranar. Kuɗin magani a biya a wurin biyan kuɗi na asibiti a karɓo rasit, maimakon a damƙa a hannu. A taron wata a karanta jimilla, sunayen waɗanda aka biya wa kuma su tsaya tsakanin shugabanni.

Ranar sallama ba ita ce ƙarshe ba. Mai karaya da ya koma ɗakin gadi ko shagon da suke kwana su 5 ba shi da mai dafa masa, aikinsa ma mai yiwuwa an ba wani. A ci gaba da kai masa abinci sau ɗaya a rana na mako 2, a rubuta ranar komawarsa ganin likita, a sa mutum guda da kuɗin mota ya raka shi.