Linus da maganar ladabi a aikin Linux

Ni fa har yau ina jinjina abin da ya faru a watan Satumba 2018, lokacin da Linus Torvalds, mutumin da ya ƙirƙiro Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda mutane da yawa ke haɗa hannu wajen rubutawa) tun 1991, ya fito da bakinsa ya nemi afuwa kan yadda yake zazzaga wa abokan aiki masifa, ya ce zai ɗan ja gefe ya gyara halinsa. Shi fa da in ka kawo kod mara kyau wanke ka zai yi tas a gaban kowa, ba ruwanshi da ko kai waye.

Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da aikin, shi ne ya riƙe ragamar har aka fitar da Linux 4.19 a Oktoba, sannan Linus ya dawo. A tsakanin nan aka cire tsohuwar takardar 2015 kan yadda ake sasanta saɓani aka sa sabuwar dokar ɗa'a da aka ɗauko daga Contributor Covenant, wata dokar ɗa'a da ayyukan manhaja da yawa ke amfani da ita.

Wasu suka ta da jijiyar wuya wai siyasa ce, inganci zai mutu. Ni kam ban yarda ba wallahi, ai kana iya ce wa mutum gyaranka zai rushe kernel, wato zuciyar manhajar, ka nuna masa layin da matsalar take, ka ƙi karɓa, duk ba tare da ka ci mutuncinsa ba, sabon shiga da ya kwana yana gwaji in aka kunyata shi sau ɗaya shikenan ya tafi kenan, kuma aikin ne ya yi asara.

A Nuwamba 2024 kwamitin da ke kula da dokar ɗa'ar ya dakatar da Kent Overstreet mai bcachefs (wani tsarin ajiye fayil a Linux) na tsawon lokacin shirya Linux 6.13 saboda ya zagi wani abokin aiki, duk da ƙwarewarsa kuwa. Nan na tabbatar da gaske suke.