Na yi kwas ɗin bindiga a intanet, na je filin harbi na sha kunya

Ni dai ban taɓa zaton zan riƙe bindiga da hannuna ba, a gida abin da na sani bai wuce ta mafarauta da ƴan banga ba, irin ta toka ɗin nan da ake ɗurawa ta baki. Amma aikin dare nake yi a wani gidan mai a nan Huston, jihar Teksas ta Amurka, kuma bayan wani dare da wasu samari biyu suka shigo suka kwashe kuɗin durowa ina tsaye ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, sai na ce to bari dai in nemi lasisin ɗaukar bindiga.

Abin mamaki a Teksas tun 1 ga Satumba 2021 ba dole ne sai da lasisi za ka ɗauki ƙaramar bindiga ba in ka kai shekara 21 kuma ba ka da wani laifi da ya hana ka. To me ya kai ni wahala? Na farko wasu jihohin suna karɓar lasisin Teksas in ka yi tafiya, na biyu kuma ni baƙo ne a ƙasar mutane, gara a ce takarda na aljihuna. Kuma don Allah ƴan uwa masu bizar karatu ko ziyara ku yi hattara, dokar tarayya ta hana yawancinku mallakar bindiga, ni girin kad gare ni, wato takardar zama ta dindindin, shi ya sa.

Kwas ɗin intanet ɗin awa huɗu ne zuwa shida, haka dokar jihar ta tsara. A waya na yi shi, rabi a falo rabi a mota kafin in shiga aiki, bidiyo ne ana bayani sai a jefo maka tambaya, ga agogo yana lissafa maka lokaci ba damar tsallakewa. Na shiga da tunanin za a koya min harbi, ashe yawancinsa doka ce zalla. Yaushe ne doka ta yarda ka yi amfani da ƙarfin da zai iya kisa, ina ne ba a shiga da ita, alamar 30.06 da ake mannawa a ƙofa mai hana shiga da ita a ɓoye, 30.07 mai hana ta a fili, da jar alamar 51% ta wuraren da giya ce mafi yawan cinikinsu. Akwai ma sashe guda a kan yadda za ka kashe rigima da baki, wanda wallahi da nake kallonsa babana kawai nake tunawa, don duk abin da baturen ke faɗa bai wuce ka ba mutum haƙuri ka yi tafiyarka ba.

Na ci jarabawar, na buga takardar shaida ina ta jin kaina.

Sai ranar fili. Wanda ya yi a intanet dole ya je gaban malami mai lasisi ya yi awa ɗaya zuwa biyu sannan ya harba harsashi 50, guda 20 daga yadi 3, 20 daga yadi 7, 10 daga yadi 15, kuma sai ka samu maki 175 cikin 250. Malamin wani dattijo ne mai furfura, ya ajiye bindigar aro a kan tebur ya ce in tabbatar masa babu komai a ciki. Ni kuwa gwani, na zare gidan harsashin na ajiye na ce shi ke nan. Ya dube ni shiru, ya karɓa ya ja saman bindigar baya, sai ga harsashi ɗaya ya yi tsalle ya faɗo kan tebur yana gangarawa. Na roba ne na koyarwa, da gangan ya sa shi, amma sai da na ji gumi ya karyo min har bayan wuya. Kuma abin haushin, na ga wannan a bidiyon, har tambayar na amsa daidai, amma hannuna bai san da zancen ba.

Bai gama da ni ba. Ina ɗaga ta yatsana ya tafi kan kunama da kansa kamar an aike shi, sau uku yana ce min cire yatsa, na ukun da tsawa. Da na juyo zan yi masa tambaya kuma bakin bindigar ya biyo ni, sai kawai ya dafe min hannu ya mayar da shi gaba bai ce uffan ba, wannan shirun ya fi tsawar zafi. Harbin kansa bai ba ni wuya sosai ba, na haye, ko da yake a yadi 15 hannu na rawa biyu sun fita gefe.

Sauran kuma takardu ne, dala 40 kuɗin jiha, ɗaukar hoton yatsu, sai jira har katin ya iso ta gidan waya.

Babbar jarabawar ma a gida take. Uwargida ta ce, Malam, ba za ta kwana a gidan nan ba sai da akwatin ƙarfe mai lamba, yaranmu ba abin da ba sa buɗewa. Kuma doka na bayanta, a Teksas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Akwatin na fara saya kafin bindigar. Wurin aikin ma da na yi duk wahalar dominsa, maigidan ya ce bai yarda ma'aikaci ya shigo da ita ba, don haka yawanci tana akwati. Na dai koma wajen dattijon nan sau huɗu da kuɗina, kuma har yau in na ɗauko ta sai na ja saman baya na leƙa ciki sau biyu, ko da ni na ajiye ta da hannuna jiya da dare.