Kafin ka kwance soket a tsohon gida a Makka ko Jidda

Wanda ya kama haya a tsohon gini a Makka ko Jidda yakan tarar da soket iri biyu a ɗaki guda: mai ƙananan ramuka biyu, da mai ramuka uku irin na Ingila, wanda muka saba da shi a Najeriya. A da wuta biyu ake ja wa gidajen nan, bolt 127 da bolt 220. A 2010 gwamnatin Saudiyya ta yanke shawarar komawa bolt 230, amma har yau akwai gidajen da ke kan tsohon tsari. Fuskar soket ba ta nuna ƙarfin wutar da ke cikinsa, sai an auna da mitar gwajin wuta.

Ga inda haɗarin yake. A tsohon tsarin, ana samun 220 ɗin ne daga wayoyi biyu masu wuta, kowace tana ɗauke da 127. Wato babu wayar da za ka kama da hannu ka ce ba ta ja. Idan makunnin soket ɗin waya ɗaya yake yankewa, ɗayar tana nan da wutarta. Don haka a je akwatin wuta a kashe babbar bireka, a dawo a sa tasta a kan kowace waya. Kar a dogara da launi, domin masu gyara da yawa sun bi ta tsohon gida, kowa da wayar da ya samu.

Soket ɗin da ya yi baƙi, ko yake zafi, ko filogi ke rawa a cikinsa, ya gama aiki. Galibi sukurun da ke riƙe waya ne ya saki, wurin ya dinga zafi har roba ta narke. A sayi mai amfiya 13, mai murfin da ke rufe ramuka saboda yara, mai tambarin SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya. A yanke bakin wayar da ya ƙone, a fere sabo kamar santimita ɗaya. A sabon tsari, waya ruwan ƙasa tana shiga ramin da aka rubuta L (na waya mai wuta), shuɗiya tana shiga N (na nutiral), mai kore da rawaya kuma E (na wayar kariya da ke kai wuta ƙasa). A ɗaure sukuru tamau, a ɗan ja kowace waya a gani ko za ta zame. Idan babu wayar E a bangon, aikin ya wuce na mai gida, a kira mai gyaran wuta.

Soket ɗaya wat 3,000 ne iyakarsa, butar shayi kuwa ita kaɗai tana iya cin 2,000. Jona ta da dutsen guga a kan ekstenshan ɗaya neman gobara ne. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa kuma kowace layinta daban take so, da waya mai kaurin sikwaya milimita 4 da makunnin da ke yanke wayoyi biyun lokaci guda.