Da fatsa da gwangwanin tana zuwa tafkin Bosomtwe

Yaron da aka haifa a Aboabo, unguwarmu a birnin Kumasi na ƙasar Gana, ya san kifi a daskare cikin kwali, ya san shi bandararre a tiren mata a kasuwa, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa riƙe shi yana mutsu-mutsu a hannu. Ruwan da ya buɗe ido ya gani shi ne rafin da ya ratsa unguwa, wanda leda da shara suka shaƙe, ko kwaɗo sai ya yi shawara kafin ya faɗa. Zancen ya taso ne a majalisarmu ta shayi, daren da ɗan maƙwabcina ya tambayi ubansa ko da ƙanƙararsa ake haihuwar kifi. Kowa ya yi dariya ban da dattijon majalisar, wanda duk muke ce wa Baba. Shi jikan Kabawa ne, kakansa ya biyo ayarin goro ya yada zango a Kumasi bai koma ba. Ɗinki Baba ya yi duk rayuwarsa, amma in ana maganar kamun kifi, sai ka ga ya gyara zama.

"Kilomita 30 ne fa tsakaninku da tafki," in ji shi. "Ku kwashi yaran nan ku kai su. Ni ma ku saka ni a lissafi."

Muka tsayar da wata Alhamis a cikin dogon hutu na watan Agusta, ranar da babu boko, babu makarantar allo. A ƙasar Asante lokacin ne ruwan sama ke ɗan tsagaitawa, gari ya yi lumshi, rana ba ta dukan mutum. Kayan aikin duk Baba ne ya haɗa. Sandunan gora sirara, zaren roba, ƙananan fatsa, ɗan dalma a kusa da bakin fatsar don ta nutse, sai guntun tsohon silifa da aka yanka aka ɗaura daga sama don ya yi yawo a kan ruwa ya nuna in kifi ya taɓa. Yaran kuwa aka sa su haƙo tana a bayan rijiyar masallaci, suka cika gwangwanin madara, aka rufe da danyar ƙasa. Iyayensu mata suka dafa wake da shinkafa da shito, kowace da nata gargaɗin, duk kuma gargaɗin ɗaya ne: kada ɗana ya shiga ruwa.

Bayan asuba muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka cika motar abokinmu direba. Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Daga Asafo ka kama Titin Tafki, ka bi ta Ahinsan da Atonsu, inda cunkoson safe ya ɗan riƙe mu, ka wuce Esreso da Aputuogya da Jachie har Kuntanase, hedikwatar gundumar Bosomtwe. Wanda ba shi da mota zai iya shiga tirotiro zuwa Kuntanase, daga nan ya ɗauki tasi. Bayan Kuntanase ne ƙasa ke fara tashi, gonakin koko da ayaba da rogo suna raka ka dama da hagu. Akwai shinge inda ake karɓar kuɗin shiga. Kana wuce shi kaɗan hanya ta karya kwana, sai ga ruwan can ƙasa, zagayayye, duwatsu masu duhun itatuwa sun kewaye shi kamar fura a gindin ƙwarya. Motar da tun daga Asafo ba a jin maganar wani saboda surutu ta yi tsit, sai Autana da ya ce, "Baba, wa ya zuba shi?"

A cikinmu akwai malamin kimiyya na sakandare, muna ce masa Ticha, kuma dama irin wannan tambayar yake jira. Ya sa direba ya tsaya a gefen hanya, ya tara yaran. Ya ce musu wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya kimanin shekara miliyan 1 da dubu 70 da suka wuce, ya huda ƙasa ya bar rami mai faɗin kilomita 10.5, kuma tudun da muke tsaye a kai bakin ramin ne. Ruwan sama ya yi ta taruwa a ciki har ya zama tafki mai faɗin kusan kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya doshi mita 80. Ƙarfin faɗuwar ya narkar da duwatsu ya watsa su, har a Kwaddibuwa an tsinci ɓurɓushinsu sun zama gilashi. A 2004 masana daga ƙasashe daban-daban sun zo da injin haƙa a kan ruwan, suka zaro laka da dutse daga ƙarƙashinsa don karanta tarihin damina da fari na Afirka ta Yamma, a 2016 kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Shi ne kaɗai tafki a Gana da ba mutum ya tare shi ba, domin na Volta madatsar Akosombo ce ta haife shi a shekarun 1960. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanin Ticha shi ne cewa ruwan ba shi da mafita. Babu kogin da ke fita daga cikinsa. Abin da ya shiga, in ba rana ta ɗauke shi ba, yana nan. Na duba ledojin ruwan sha da yaran suka riga suka fara yarwa, na sa aka tsince su tun a nan.

Gangarawa Abono sai da direba ya sa giya ta ɗaya, duk da haka mun isa ƙasa muna jin ƙaurin birki.

Abono shi ne ƙauyen da baƙi suka fi sauka, ɗaya daga cikin ƙauyuka sama da 20 da ke zagaye da tafkin. Mun tarar da bakin ruwa babu kowa sai mata masu suyar kifi da ke hura wuta, da masunta suna dawowa daga duba komar dare. A nan ne yaran suka ga abin da ya fi tafkin kansa ba su mamaki. Masuntan Bosomtwe ba kwalekwale suke shiga ba. Wani dogon falankin itace ne mara nauyi da suke kira padua, mutum ya hau ya zauna a kai, ƙafafunsa a ruwa, kwandonsa a gaba, yana tuƙi da sakaina ko ɗan faranti a kowane hannu. Daga nesa sai ka rantse a kan ruwan yake zaune. A haka suke jefa birgi, a haka suke janye koma, ba tare da sun kife ba. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce ko Sarkawan Kwara sai sun sara wa waɗannan.

Ni na ɗauka za mu nemi wuri kawai mu jefa fatsa, amma Baba ya hana. Ya ce ruwa gonar wasu ne, ba a faɗa wa gonar mutum ba sallama. Ya nufi wani magidanci da ke gyaran koma a gindin bishiya, ya gaishe shi da Tonanci, yaren mutanen Asante, irin na 'yan Zango, yana kiransa Wofa, wato kawu, ya ce, "Wofa, mun kawo jikoki su koyi kama kifi. Amma mun ji an ce ruwanku ba ya son ƙarfe, ga shi fatsarmu ta ƙarfe ce." Mutumin ya yi dariya har da buga cinya, ya nuna wani jirgi mai inji da ke ɗaure yana jiran 'yan yawon buɗe ido. "Kramo, wancan da katako aka yi injinsa?" in ji shi, Kramo kuwa haka suke kiran Musulmi. Ya ce dokar ta kakanni ce, kuma saboda ita ne har gobe su masunta ba sa barin padua, amma ɗan ƙarfen fatsar yaro ba wanda zai tanka. Abin da ya roƙa shi ne mu nisanci inda aka kafa koma, kuma mu mayar da duk kifin da bai kai yatsa uku ba.

Shi ne ya ba yaran labarin tafkin yadda Tonawa ke ba da shi, wanda ya sha bamban da na Ticha. Wani maharbi ne, Akora Bompe, ya harbi gada ya biyo ta, ta faɗa wani ɗan kududdufi ta ɓace, shi kuma ya zauna a wurin ya koma cin kifi. Suna ɗaukar ruwan da tsarki, suna cewa rayukan matattu na biyowa ta nan su yi bankwana. Akwai wani dutse a Abrodwum inda ake yanka saniya in kifi ya yi ƙaranci. Ɗaya daga cikin yaran, wanda ya fara nisa a karatun allo, ya buɗe baki zai yi gyara, Baba ya dafa kafaɗarsa. Daga baya na ji yana ce masa, "Kai baƙo ne. Naka ka sani, ka riƙe. Nasu kuma ka ji da kunne, ba a ce ka ɗauka ba."

Sai aka shiga aikin da ya kawo mu. Duk wanda ya ce maka kamun kifi da yara hutu ne, bai taɓa yi ba. Wannan zarensa ya sarƙe da na wancan, wannan ya maƙala fatsa a rigar ɗan'uwansa, waccan ta ce ita ba za ta taɓa tana ba ko za a yanka ta. Mu manya ba wanda ya samu ya jefa tasa, muna ta kwance ƙulli. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna yadda ake zura tana ta rufe bakin fatsa, yadda ake jefawa a hankali kusa da ciyawa ko kututturen da ruwa ya ci, da yadda ake jira sai silifar ta nutse sosai kafin a fizga. Yana ta maimaita musu, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Ku daina rawar ƙafa, ku kau da inuwarku daga ruwa." Mazan ba su ji ba, kowane motsi sai su fizge, kifin ya cinye tana ya bar musu ƙarfe. 'Yata ta tsakiya, wadda a gida ake ce mata sanyi ya yi mata yawa, ita ta zauna a kan dutse ba ta ce wa kowa komai ba, kuma ita ta fara ɗago karfasa tana walƙiya. Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a ƙauyen gaba. Daga nan mazan suka nutsu, domin abin ya zama na kare mutunci.

Kifin dai ƙanana ne, gaskiya. Karfasar tafkin, wadda mutanen wurin ke kira apatre, mafi yawanta ba ta wuce tafin hannu. Wofa ya ce a zamanin ubansa ba haka take ba. Masu su sun yi yawa, idon koma ya ƙanƙance, an sare itatuwan gangare an yi gonaki, ga zafi na ƙaruwa. Ya buɗe mana kwandonsa, abin da ya samu tun dare bai rufe gindin kwandon ba, kuma da shi zai ci da gida. Na dubi bokitinmu na wasa, na dubi kwandonsa, ban ƙara matsa wa yaran su kama da yawa ba. A ganina duk mai zuwa nan da fatsa don nishaɗi, ya kama kaɗan don yara su gani, abin ci kuwa ya saya a hannun masu shi. Haka muka yi. Matan bakin ruwa suka soya mana apatre ƙarau, irin wadda ake ci har ƙaya, da dokunu da barkono niƙaƙƙe, wake da shinkafar gida ta koma ta biyu. 'Yan kifayen da yaran suka kama ma aka jefa musu a mai, kowa ya tsaya a kan kaskon yana gadin nasa.

Da azahar muka yi alwala a bakin tafkin, ruwan da ɗan santsi a hannu, muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin itatuwa. Bayan salla aka shiga jirgin injin, bayan mun tabbatar kowane yaro ya samu rigar ruwa an ɗaure masa ita. Wannan ba abin sassauci ba ne. Tafkin yana da saurin zurfi, kuma an sha rasa rayuka a cikinsa, musamman ranakun bukukuwa da matasa ke cika wurin. Daga cikin jirgi ake ganin busassun itatuwa tsaye a ruwa, shaidar cewa tafkin ya taɓa hawa ya ci gonaki, ya tilasta wa ƙauyuka matsawa sama. Maganar wanka kuwa, an bar su iya gwiwa, Baba na tsaye da sandar gora a hannu, ba wanda ya gwada wuce iyaka.

La'asar sakaliya muka kama hawan dutsen. Motar ta yi ta nishi, har sai da manya uku suka sauka suka taka wani gangare da ƙafa. Kafin Kuntanase rabin yaran sun yi barci, hannuwansu na ƙarnin kifi, sauran suna musu a kan na wa ya fi girma. Mu kuma muka shiga namu musun. Direba ya ce in dai kifi ake nema na gaske, a tafi Yeji a bakin Volta, inda ake fito da tarwaɗa da sai mutum biyu sun ɗaga. Ticha ya ce Yeji tafiyar kwana ce, kuma babu uwar da za ta ba da ɗanta a kwana da shi a bakin ruwa. Baba ya ce a bar shi da iyaye matan, shi zai shiga gida-gida. Har muka faɗa cunkoson Atonsu ba a tsayar da magana ba, sai dai an amince cewa in za a koma Bosomtwe, ba ranar Ista ba, ba 6 ga Maris, ranar bikin 'yancin kan Gana, ba, domin a irin waɗannan ranaku kiɗa kaɗai ya isa ya kori kifi zuwa tsakiyar tafki.