Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kududdufan Fagge

A kashin da ya gabata na tsaya da labarin a zauren Baffa, kuma har yau maganarsa ba ta bar ni ba: "Wanda ya cike kududdufi ya ba ruwa aron ɗakinsa." Yaran yanzu ƙazanta kawai suke gani a kududdufi, alhali daga cikinsa aka haƙo Fagge, unguwarmu a Kano.

A da, nan ake ɗibar ƙasar gini, a kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake takawa, sannan a mulmula tubali a shanya. Katanga da kauri take farawa a gindi, tana sirancewa har sama. Azarar rufi ta giginya ce don gara ba ta cin ta, amma in ta wuce taku shida sai ta lanƙwashe. Ɗakin da ya fi haka faɗi sai magini ya ɗaura masa baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi. A shimfiɗa asabari, a zuba ƙasa, a bi da katsi, wato dagwalon baba da ake kwasowa daga marina, bango kuma a shafe shi da makubar ɗorawa. Kafin kowace damina a sake yaɓe, a duba indararo. Ruwan da ya sauko, ramin da aka haƙa ginin yake komawa.

Fagge zangon fatake ce tun asali, a wajen ganuwa, inda Buzaye ke sauke raƙuma. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kwarori, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, suka kafa kantunansu, Kantin Kwari ta samu suna. Ba ciniki nake ƙi ba, da shi aka raine mu. Amma Kwari ta yi ta cin gidaje, Wapa ta zama ta 'yan canji, zaure ya koma shago, shago ya koma bene. Baffa kuwa, ko da naira ta zo a 1973, da sule ya ci gaba da lissafi.

Masu gādo sai suka shafa wa katangar ƙasa siminti. Simintin ba ya kama ƙasa, danshi yake tsarewa a ciki, gindin ya rube ba a gani, sai cikin Agusta a ji rim. Kududdufin ma an cike shi da shara, an yanka filaye. Wanda ya fara sayar da na bayan gidanmu ya san kansa, ɗan ɗakinmu ne, kuma yana zaune a zauren ranar da Baffa ya yi maganar.